Tafinta

Daga Gwammaja har ƙofar kotu
Hausa muke yi da ɗan adaidaita,
mu ja ciniki kan naira hamsin, mu yi dariya.
A bakin get nake kakkaɓe ta,
in zura kwat, in ɗauko ɗaya bakin.
Shekara goma sha tara ke nan
ina cin abinci da tsayuwa tsakanin harsuna biyu.

Turanci ya koya mini kallon ƙwayar idon babba.
Da shi nake cewa a'a, guntuwa,
ba gaisuwa a gabanta, ba "sai dai haƙuri" a bayanta.
Ɗan farina, da ko a ɗaki ba na kama sunansa,
da Turanci na faɗe shi ɓaro-ɓaro gaban malamar makaranta,
ko gezau.
Sai da muka fito titi kunyar ta cim mini
kamar mai bin bashi.

Ranar Talata aka kira Baba Ilu,
mai igiya da tabarma a Kurmi.
Ya tuɓe takalmi a bakin akwatin shaida,
ɗan sanda ya ce mayar, ya mayar.
Rumfa ya ba ɗan amininsa aro,
ba takarda, shaida sai Allah da wani maƙwabci da ya rasu.
Yau yaro ya ce rumfa tasa ce.

Lauya ya miƙe yana gyara baƙar riga:
in taka ce, me ya hana ka karɓar haya
shekara goma sha ɗaya?
Na juya wa tsoho. Ni ya duba, ba lauya ba,
ya ce, "Kara na yi masa, ɗana.
Da ubansa aka yi mana kaciya, akushinmu guda.
Ni na karɓe shi a cikin kabari a Ɗandolo.
Da wane ido zan ce wa maraya biya?"

Lauya ya ce a taƙaita.

Kara.
Na zura hannu a buhun Turancina har kafaɗa.
Na taɓo tausayi, ba shi ba ne.
Na taɓo ladabi, ya yi kaɗan.
Na taɓo jin nauyi, amma a can mai jin nauyi rago ne.
Fanka na juyawa, alƙalami a sama yana jira.
Na ce: ya mai shari'a, ya ce bai taɓa nema ba.

Layi ɗaya aka rubuta.
Ban yi ƙarya ba, ina kan rantsuwata.
Sai dai kaciyar da akushin da jar ƙasar Ɗandolo
sun tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Aka ɗage zama sai bayan salla.
A baranda ya kamo hannuna da nasa biyu:
"Allah ya yi albarka. Ka faɗa musu duka ko?"
Na ce, "Na faɗa, Baba."
Wannan kam da Hausa na yi ta.

Da dare an ɗauke wuta, muna tsakar gida,
Rumasa'u ta ji ina maimaita kalmar ni kaɗai.
A makarantarsu naira ashirin ce tarar mai yin Hausa,
ni nake biyan kuɗin makarantar, ni na zaɓe ta.
Ta ce, "Dadi, kara ba shi ne na dawa ba,
wanda ake danga da shi a ƙauye?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa,
harsunan nan biyu suka yi kiciɓis a ƙofa.
Hausa ta ja da baya, ta ba baƙo hanya.
Turanci ya wuce,
bai ce sannu ba.